Koyon Ƙirar Wuƙa Da Hannu: Abin Da Mai Farawa Ya Kamata Ya Sani

'Yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba, na Sabon Ibadan da Shagamu, har zuwa Ama Hausa a Owerri. Ni ma ɗan Agege ne, a can aka haife ni, mahaifinmu mahauci ne. Aiki ya kawo ni Jimeta, yanzu ina zaune a unguwar Bekaji, kuma shekara uku ke nan ina taɓa ƙirar wuƙa a bayan gida ranakun Asabar da Lahadi. Ban gaji ƙira ba, ba kuma da ita nake ci ba, sha'awa ce kawai. Tun da na fara sa hotunan wuƙaƙen a WhatsApp, samari da yawa ke tambayata ta ina ake farawa. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi wuri ɗaya, wanda ya buƙata ya dawo ya duba.

Bari in fara da kuskurena, don shi ne ya koya mini karatun.

Da mahaifinmu ya rasu, yayana ne ya gaji wuƙarsa ta aiki, da ita yake fita mayankar Oko-Oba. Wasa ya cinye ta har ta koma siririya kamar tsinke. Na ce masa, "Yaya, bar ni in ƙera maka wata." Ya yi dariya ya ce ɗan boko da ƙira, to Allah ya nuna mana. Na kalli bidiyo a YouTube, na sayi guduma, na fara. Ta farko da rodi na yi ta, ko albasa biyar ba ta yanka ba ta dakushe. Ta biyu da sifirin mota na yi, na tsoma ta a ruwan sanyi tana ja, sai na ji ƙyas, ta tsage gida biyu. Ta uku ta yi kyau a ido, na goge ta tana walƙiya, na aika Legas. Ranar farko da ya sa ta a aiki, ta haɗu da ƙashi ta karye, ɓallin ya yanke shi a bayan hannu, sai da aka yi masa ɗinki. Kwana goma bai fita aiki ba, ga iyali. Da ya kira ni bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ka je ka nemi masu abin su koya maka."

Haka na nemi wani dattijon maƙeri a nan cikin Jimeta. Ya juya guntun wuƙar a hannu, ya dubi inda ta karye, ya ce, "Malam, dukanka ba laifi. Wuta ce ba ka sani ba." Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayanin wannan maganar ne.

Sana'ar tana da tushe

Ƙira daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken tarihi sun tono matoyan narka tama da suka haura shekara 2,000. Tarihin baka na Kano ya ce Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama, suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dala. A nan Adamawa kuwa akwai Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali, inda aka riƙa narka ƙarfe daga baƙin yashin da ruwan sama ke tarawa, ana sayar da shi har Borno, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya. Wani Bature malamin Hausa, Philip Jaggar, ya wallafa littafi sukutum kan maƙeran birnin Kano a 1994.

Ƙira iri biyu ce a wurin Bahaushe. Akwai ƙirar fari, ta masu awarwaro da zobe da kayan ado na azurfa da tagulla. Akwai ƙirar baƙi, ta masu fartanya da garma da gatari da lauje da wuƙa. Tamu ita ce ta biyu. Yau babu mai narka tama, tsofaffin ƙarafan mota ne suka maye gurbinta, don haka ilimin farko shi ne sanin wane ƙarfe za ka ɗauka a wurin 'yan gwangwan.

Zaɓen ƙarfe

Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Ƙarfen ƙofa da na taga, irin wanda masu walda ke aiki da shi, kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, ko me ka yi masa ba zai yi taurin wuƙa ba. Rodi kuma ba shi da tabbas, wani ya yi tauri wani ya ƙi. Ga waɗanda suka dace:

1. Sifirin mota, mai falle-falle. Yawancinsa ƙarfe ne mai kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, irin wanda masana ke kira 5160 ko danginsa. Yana da juriya, yana yafe kuskure, shi ya fi dacewa da mai koyo. Ka duba shi da kyau, tsohon sifiri kan ɓoye tsaga, musamman kusa da ramin tsakiya.
2. Tsohon magagari. Kabon ɗinsa ya kai kashi 1 cikin ɗari ko fiye, yana ba da kaifi mai kyau amma yana saurin karyewa in ba a iya ba. Sai an goge haƙoransa kafin a fara duka, in ba haka ba kowane haƙori zai iya zama tsaga.
3. Faifan garmar tarakta da tsohon zarto babba. Suna yi, sai dai yankan su da wuya.

Gwaji biyu ne kafin ka ɓata gawayinka. Ka ɗora ƙarfen a kan injin wasa ka dubi tartsatsin: in dogaye ne miƙaƙƙu, kabon kaɗan ne, in kuwa suna fashewa suna rassa kamar wasan wuta, akwai kabon. Na biyu, ka yanki ɗan guntu, ka gasa ya yi ja, ka tsoma a mai, ka buga da guduma. Mai kyau zai karye, marar kyau zai lanƙwashe.

Kayan aiki

Ba sai ka tara kuɗi ba. Ga abin da na fara da shi:

Uwar maƙera, wato abin da ake ɗora ƙarfe a kai a doka. Kan babbar guduma mai kilo biyar zuwa sama, a kafa shi cikin kututturen itace, ya isa. Wasu na amfani da guntun ƙarfen layin dogo, amma ka yi hattara, kayan gwamnati ne, ana kama mutane a kansa.

Masaba ko guduma mai nauyin kilo ɗaya. Kada ka ɗauki mai nauyi don nuna ƙarfi, gwiwar hannunka ce za ta biya.

Awartaki mai riƙe ƙarfen gam. Yawancin ƙunar da na gani daga awartaki mai sakewa ne.

Zuga-zugi. Na gargajiya na fatar akuya ne, yana buƙatar mai zuga. Maƙera da yawa yanzu suna amfani da fanka da ake juyawa da ƙafar keke. Ni ƙaramar fanka mai aiki da batiri na haɗa da bututu, saboda halin wutar lantarki kun san shi.

Murhu. Rami ne a ƙasa mai zurfin taƙi ɗaya, a shafe shi da ƙasar suri ko yumɓu, bututun iska ya shigo ta gefe.

Gawayi. Maƙera sun fi son na ƙirya, don yana da nauyi, yana daɗewa, yana ba da zafi. A farfasa shi ya koma kamar girman goro.

Sauran su ne kurfi na yankan ƙarfe, magagari, dutsen wasa, maganaɗisu na tsohuwar lasifika, gwangwanin ƙarfe mai murfi da lita biyu ko uku na man gyaɗa, da bokitin toka.

Karatun launin wuta

Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi, idonsa ne ma'auni. Ja mai duhu, wajen digiri 650 zuwa 700 ne, a nan ka daina duka, in ka ci gaba za ka tsaga ƙarfen. Ja mai haske, wajen 800. Ruwan lemo zuwa ɗorawa, 900 zuwa 1,100, nan ne wurin duka. In ya yi fari yana tartsatsi da kansa, ya ƙone, sai dai ka yanke wurin ka yar.

Abin lura shi ne a inuwa ake karanta launi. A cikin rana tsaka, ƙarfen da ka ga kamar ja ne, ya riga ya wuce haka nesa. Shi ya sa za ka ga rumfar maƙera da duhu-duhu. A Jimeta ma dole ce ta sa, don a watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, ba mai iya zama gaban wuta da azahar. Ni da sassafe nake duka, aikin taurarawa kuma sai bayan magariba.

Matakan aiki

Ka fara da ƙaramar wuƙa, ruwanta kada ya wuce santimita 10 zuwa 12. Kowa na son ya fara da adda ko takobi, ni ma haka na so, Baba ya hana ni. Wata guda ina ƙera ƙusa da ƙugiya kafin ya bar ni na taɓa sifiri.

Na ɗaya, yanko ƙarfe mai tsawon santimita 15 da faɗin 3, ka miƙar da shi a wuta.

Na biyu, fitar da tsini. Ka tsayar da ƙarfen a gefensa ka doki kusurwa, ka kwantar ka daidaita, haka har baki ya fito.

Na uku, ja wutsiya, wato siririn da zai shiga ƙota. Inda wutsiya ta haɗu da ruwan wuƙa kada ya zama kusurwa mai kaifi, ka bar shi da ɗan lanƙwasa, don a nan wuƙaƙe suka fi karyewa.

Na huɗu, fitar da gefen kaifi. Kana dukan gefe ɗaya yana sirancewa, za ka ga wuƙar tana lanƙwashewa baya kamar ayaba. Ba ɓaci ba ne, haka ƙarfe yake. Ka mayar da ita wuta, ka ɗora a kututture ka miƙar da ita da guntun itace. Yawan dukan da ka yi wa fuska ɗaya, ka yi wa ɗayar.

Na biyar, huce ƙarfe. Duka da zafi suna sa ƙwayoyin cikin ƙarfe su yi girma, ƙarfe mai manyan ƙwayoyi kuwa gautsi gare shi. Ka gasa wuƙar ta yi ja, ka fitar ka riƙe a iska har ta yi baƙi. Sau uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Daga nan ka sake gasawa ka binne ta cikin toka ta kwana, za ta yi laushin da magagari zai ci ta.

Na shida, gyara da magagari. Ka fitar da siffa, ka share duk wani zurfin sawun guduma a bakin. Amma kada ka wasa ta tukuna, ka bar kaurin bakin wajen milimita ɗaya, in ya fi haka siranta zai murɗe ko ya tsage a mai.

Taurarawa: nan ne wuƙa ke zama wuƙa

Idan ƙarfe ya kai digiri 770, maganaɗisu ya daina kama shi. Wannan ita ce alamarka. Ka riƙa gasa wuƙar a hankali, bayanta a ƙasa, kana kai da komo da ita don launin ya zama ɗaya daga tsini zuwa gindi. Tsini ya fi saurin ɗaukar zafi, ka kula da shi. Kana yi kana taɓa ta da maganaɗisu. Da ya daina kamawa, ka mayar da ita ta ƙara ɗan haske kaɗan, wato wajen digiri 800 zuwa 830, sannan ka tsoma ta cikin mai nan take, a miƙe, tsini a gaba. Ka motsa ta sama da ƙasa, kada ka kaɗa ta gefe da gefe, za ta karkace.

Man ya zama da ɗumi, ka fara tsoma wani jan ƙarfe a ciki ya ɗumama shi. Ruwa ya cika saurin sanyaya sifiri, abin da ya tsaga wuƙata ta biyu ke nan. Za ka ga tsofaffin maƙera suna amfani da ruwa lafiya lau, suna taɓa bakin kawai su ɗaga, amma wannan hannu ne na shekara arba'in. Baƙin man mota kuma hayaƙinsa guba ne, ka bar shi.

In ta huce, ka goga magagari a bakin. In ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, ta yi tauri. In ya ci, ba ta yi ba, ka sake.

To, a nan ne na yi kuskuren da ya yanki yayana. Na ga ta yi tauri na ɗauka an gama. Ashe a wannan lokacin wuƙa kamar gilashi take, ko faɗuwa ta yi a siminti za ta iya fashewa. Dole a sassauta ta, kuma a ranar, kada a bari ta kwana. In kana da murhun gasa burodi na gida, ka sa ta a digiri 200 na awa ɗaya, ta huce, ka maimaita. In babu, ka goge ta ta yi fari, ka gasa wani ƙarfe mai kauri, ka ɗora bayan wuƙar a kansa kana kallo. Launi zai riƙa tafiya daga baya zuwa baki: fari-fari, sai launin busasshiyar ciyawa, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Da bakin ya kai launin busasshiyar ciyawa, ka tsoma a mai ka tsayar da shi. In bakin ya kai shuɗi, wajen digiri 300 ke nan, ya yi laushi da yawa ga wuƙar yanka. Wuƙar da za ta haɗu da ƙashi, a bar bakin ya kai ruwan ƙasa, a kuma bar shi da kauri.

Ƙota, wasa da kube

Itacen ƙota ya zama busasshe mai tauri, kamar marke, ƙirya, kanya ko maɗaci. Ƙahon saniya ma yana yi, ku da ke kusa da mayanka ba za ku rasa ba. A huda itacen, a gasa ƙarshen wutsiya a cusa ta zauna daram. Lokacin gasawar ka naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya ɓata taurin. Ka sa zoben ƙarfe a wuyan ƙota don kada ta tsage.

Wasa kuma da dutse da ruwa, a karkace kamar digiri 15 zuwa 20 kowace fuska. In da inji za ka wasa, ka riƙa tsomawa a ruwa, don da bakin ya yi shuɗi aikin jiya ya tashi a banza. Kube sai ka kai wa baduku. Irin wannan ƙarfe yana tsatsa, balle a damshin Legas ko Fatakwal, don haka a wanke, a goge, a shafa mai.

Kiyaye lafiya

Kada ka sa ƙarfe mai rufin tutiya a wuta, irin bututun ruwa da kwanon rufi, hayaƙinsa na kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Kada ka hura gawayi a rufaffen ɗaki ko shago, iskarsa na kisa ba wari ba hayaƙi. Ka sa tabarau na kariya. Ka sa tufafin auduga, na roba narkewa suke a jikin fata. Mai na iya kamawa da wuta, in ya kama ka rufe da murfi ko yashi, kada ka zuba ruwa. Baƙin ƙarfe ma yana ƙuna, duk abin da ke ƙasa a maƙera ka ɗauka da zafi. Yara su tsaya nesa. In gidan haya kake, ka yi magana da maƙwabta tun kafin ƙarar guduma ta yi maka magana.

Wa za ka ƙera wa, kuma yaya za ka ɗauke ta

Duk wanda ya zauna a Jimeta ya san 'yan Shila, samarin da ke tsare mutane da wuƙa suna ƙwace waya. Baba ba ya ƙera wa yaron da bai san ubansa ko sana'arsa ba, ni ma na ɗauki wannan. Ina yin ta kicin, ta fawa, ta masu tsire, ba na yin mai baki biyu ko da nawa za a biya.

Ku kuma da ke Kudu, kun fi ni sanin yadda ake kallon ɗan Arewa in an ga ƙarfe a jikinsa. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal. Wuƙar aiki ta zauna a wurin aiki. In tafiya ta kama dole, a naɗe ta a sa cikin kaya can ƙasa, ba a ƙugu ba, a riƙe katin ƙungiyar sana'a, a kuma sanar da direba tun a tasha.

Daga ƙarshe

Bidiyo zai nuna maka siffa, amma ba zai tsaya a kanka ya ce cire ta yanzu ba. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kusan duk babban zango akwai maƙeri ko wanda ya san inda yake, ka tambayi Sarkin Hausawa ko Sarkin Fawa na wurinku. Ka je da goronka da ladabinka, ka yarda ka yi zuga, ka fasa gawayi, ka share rumfa. Wasu za su ce ba gadonku ba ne, ka yi haƙuri, in sun ga da gaske kake za su sake.

Wuƙa ta goma sha ɗaya ce Baba ya sara a kan ƙahon saniya sau uku, ya duba bakin a haske, ya miƙo mini ya ce, "Wannan ka iya aikawa." Na ba wani direban motar shanu ya kai Agege. Bayan sati biyu Yaya ya kira, ya ce ƙotar ta yi masa kauri kaɗan, ya rage ta da kansa. Bai ce komai a kan bakin ba, kuma har yau da ita yake fita. Ta mahaifinmu tana cikin akwati.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, wadda na sani zan amsa, wadda ta fi ƙarfina in kai wa Baba ranar Asabar. Allah ya tsare hannuwanmu, ya sa albarka a abin da muke nema.